CLAUDE AKE (1939-1996): TARIHIN RUBUCE-RUBUCENSA DA TASIRINSU A FAGEN KIMIYYAR SIYASA

1.0 Gabatarwa

Ranar 7 ga watan Nuwamba na shekarar 1996, wani jirgin saman kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin, gab da isarsa Legas. Dukkan waɗanda ke cikinsa, mutum fiye da 140, sun rasu. Daga cikinsu akwai Farfesa Claude Ake, shehin malami a fannin kimiyyar siyasa, wanda ya bar duniya yana da shekara 57. A wannan shekarar ce littafinsa kan dimokuraɗiyya da ci gaba a Afirka ya fito, wani littafin kuma bai fito ba sai bayan rasuwarsa da shekara huɗu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin rubuce-rubucen wannan masani daga 1967 zuwa 2000, domin a ga yadda tunaninsa ya riƙa sauyawa, da dalilan sauyin, da kuma irin sawun da ya bari a jami'o'in Nijeriya da na sauran ƙasashen Afirka. Akwai tambaya guda da ta ratsa ayyukansa tun daga na farko har na ƙarshe, watau: da ma'aunin wa za a auna al'ummomin Afirka, kuma wa ke cin moriyar sakamakon awon? Wannan tambaya ta shafi duk wani manazarci da ya karɓi ra'i daga waje ya ɗora shi kan al'ummarsa, ko da fanninsa harshe ne ko adabi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Claude Ake ranar 18 ga Fabrairu 1939 a garin Omoku, wanda yake cikin Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Sarki ta Legas, daga nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a zamanin da take ƙarƙashin Jami'ar Landan, ya gama a 1962. Bayan haka ya tafi Amurka, ya sami digiri na uku a Jami'ar Kolambiya da ke birnin New York a 1966, kuma a can ya fara koyarwa. Ya koyar a Jami'ar Carleton ta ƙasar Kanada, a farkon shekarun 1970 kuma ya zauna a jami'o'in Nairobi da Darussalam. A 1977 ya dawo gida ya zama shugaban Tsangayar Kimiyyar Zaman Jama'a na farko a sabuwar Jami'ar Fatakwal. Ya shugabanci majalisar bunƙasa binciken kimiyyar zaman jama'a ta Afirka, wadda aka fi sani da CODESRIA, mai mazauni a Dakar, daga 1985 zuwa 1988. A 1991 ya kafa cibiyar bincike mai zaman kanta a Fatakwal, wadda ake kira CASS a taƙaice. A 1992 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa waɗanda suka yi fice a fagen ilmi. Lokacin da ajali ya same shi, malami ne mai ziyara a Jami'ar Yale.

3.0 Zango na Farko: Ɗalibin Mazhabar Amurka

Lokacin da Ake ya isa Kolambiya, wata mazhaba ce ke tashe a sassan kimiyyar siyasa na Amurka, wadda ta ɗauki ra'in ci gaban siyasa a matsayin mabuɗin fahimtar ƙasashen da suka sami 'yanci. Jigoginta sun haɗa da Gabriel Almond da Lucian Pye. A ganinsu, al'ummomi kan tashi ne daga matakin gargajiya su nufi matakin zamani, kuma babbar damuwar sababbin ƙasashe ita ce yadda za su haɗa kan ƙabilu daban-daban su tabbatar da kwanciyar hankali.

A cikin wannan yanayi ne Ake ya wallafa littafinsa na farko, A Theory of Political Integration, watau ra'in haɗin kan siyasa, a 1967. Abin da ya kawo a ciki shi ne, sabuwar ƙasa mai neman haɗin kai za ta fi samun nasara idan gwamnatinta tana da ƙarfin iko, shugabanninta suna riƙe jama'a riƙon uba ga 'ya'yansa, akwai kusanci tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka, kuma masu mulkin bakinsu ɗaya ne. Idan aka dubi wannan bayani da kyau, za a ga cewa ya ba da hujja, ko da a fakaice, ga tsarin jam'iyya ɗaya da ya yaɗu a Afirka a wancan zamani. Littafin ya fito ne a shekarar da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke, don haka matsalar da ya ɗauko ba ta cikin littafi kaɗai ba ce. Sai dai maganin da ya bayar shi ne abin da ya shafe ragowar rayuwarsa yana warwarewa.

4.0 Zango na Biyu: Juyawa ga Nazarin Tattalin Arziki da Siyasa

Zamansa a Gabashin Afirka ya zo daidai da lokacin da Jami'ar Darussalam ta zama matattarar masana masu ra'ayin sauyi. Shugaba Julius Nyerere ya riga ya shelanta aƙidar gurguzu irin ta Tanzaniya a Arusha tun 1967, ga kuma Walter Rodney, masanin tarihi ɗan ƙasar Guyana, wanda littafinsa kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka ya fito a 1972. Muhawarorin wannan wuri, tare da abin da Ake ya gani na yadda shugabannin bayan 'yanci suka mayar da ƙarfin iko makamin danne talakawa, sun sa ya juya wa mazhabar da ta rene shi baya. Littattafai uku ne suka fito da wannan sauyi fili.

4.1 Yunƙurin juyin-juya-hali

Na farko shi ne Revolutionary Pressures in Africa (1978). A nan ya raba ƙasashen duniya gida biyu, masu jari da masu ƙwadago, ya sanya ƙasashen Afirka cikin kashi na biyu. Ya nuna cewa ajin masu mulki na Afirka yana cikin tsaka mai wuya: a waje yana kukan zaluncin manyan ƙasashe, a gida kuwa shi ne mai cin gumin talaka. Kalmomin neman adalci da yake jifan Turawa da su, su ne talakawa za su ɗauka wata rana su jefe shi. Daga nan Ake ya hango cewa nahiyar za ta fuskanci zaɓi tsakanin gurguzu da mulkin kama-karya tsantsa.

4.2 Ilmi a matsayin makamin mallaka

Na biyu, wanda ya fi kowane jawo ce-ce-ku-ce, shi ne Social Science as Imperialism, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1979. Taken littafin kansa zargi ne: wai kimiyyar zaman jama'a, yadda aka kawo ta Afirka, wani reshe ne na mulkin mallaka. Ake ya ɗauki ra'in ci gaban siyasa ya feɗe shi, ya fito da illoli uku. Da farko, ra'in ya ɗauki tarihin Turai da Amurka ya mayar da shi hanya tilo da kowace al'umma za ta bi. Na biyu, ya mayar da halin da ƙasashen Yamma suke ciki ya zama shi ne ma'aunin kamala, ta yadda duk abin da ya saɓa masa za a kira shi naƙasa. Na uku, ya cusa ɗabi'un jari-hujja a zukatan ɗalibai da sunan ilmi marar ɓangare. Sakamakon haka, manazarcin Afirka kan ɓata lokacinsa yana lissafa abubuwan da al'ummarsa ta rasa idan an gwama ta da wata, maimakon ya binciki yadda take gudana a zahiri. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma wannan karin magana ya kusa taƙaita saƙon littafin. Abin lura shi ne, wannan ra'i da ya ragargaza shi ne wanda ya gina littafinsa na 1967 a kansa.

4.3 Littafin da ya shiga azuzuwa

Na uku shi ne A Political Economy of Africa, wanda kamfanin Longman ya buga a 1981. Wannan ne ya fi sauran yaɗuwa, domin ya zama littafin karatu a sassan kimiyyar siyasa da na nazarin zaman jama'a a jami'o'i da dama. A farkonsa Ake ya shimfiɗa hanyar nazarinsa bisa tubala uku: a fara da duba yadda mutane ke samar da abin rayuwa, a ɗauki al'umma a matsayin abu mai motsi da sauyawa, kuma kada a raba siyasa da tattalin arziki da al'ada kamar ba su da dangantaka.

Muhimmin bayanin da ɗalibai suka fi riƙewa daga littafin shi ne cewa mulkin mallaka ya bar wa Afirka tattalin arziki mai gocaccun gaɓoɓi, watau kowane sashe yana kallon kasuwar Turai, ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa na cikin gida. Tarihin jirgin ƙasa a Nijeriya ya isa misali. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma cikin ɗan lokaci gyaɗa ta fara kwarara zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Ita kanta Fatakwal, inda Ake ya yi aiki, an kafa ta ne gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya domin fitar da kwal ɗin Inugu. Dukkan manyan layukan biyu daga cikin ƙasa suka nufi teku. An shimfiɗa su ne don kwashe albarkatu, haɗa kasuwannin cikin gida kuwa bai kasance babbar manufarsu ba.

Ya kamata a tuna cewa Ake ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. A 1975 Peter Ekeh ya fitar da shahararriyar maƙalarsa kan mulkin mallaka da rabuwar amanar jama'a gida biyu. A 1978 Okwudiba Nnoli na Nsukka ya wallafa littafinsa kan siyasar ƙabilanci. A Zariya kuma Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa suna ta fafatawa da tsohon salon rubuta tarihi. Abin da ya bambanta Ake shi ne ya kai sukarsa ga tushen fannin da kansa.

5.0 Bayaninsa kan Hukuma da Siyasar Ko-a-mutu-ko-a-yi-rai

A shekarun 1980 hankalinsa ya koma kan yanayin hukuma a Afirka. Bayaninsa shi ne, hukumar da Turawa suka kafa ta danniya ce, mai iko a kan komai, kuma waɗanda suka gaje ta ba su sauya ta ba. Da yake ba su da jari na kansu, sai kujerar mulki ta zama hanyar tara dukiya. Hukuma ba ta tsaya a tsakiya a matsayin alƙali ba, ta zama kayan hannun duk ɓangaren da ya kama ta. A irin wannan hali, wanda ya ci zaɓe ya sami komai, wanda ya faɗi kuwa ya rasa komai, wani lokaci har da 'yancinsa ko ransa. Saboda haka siyasa ta zama yaƙi, kuma a fagen yaƙi soja ya fi kowa ƙwarewa. Ta haka ya bayyana yawan juyin mulki ba tare da ya jingina shi ga ƙabilanci ko halin wasu mutane ba.

Ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Nijeriya a 1981, inda ya koka da yadda son mulki ya mamaye komai a ƙasar. Zaɓen 1983 da rigingimun da suka biyo bayansa, da kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba na wannan shekara, sun faru ne bayan wannan gargaɗi. A 1985 ya shirya littafin Political Economy of Nigeria, wanda ya tattara maƙalun masana da suka yi amfani da wannan hanyar nazari kan Nijeriya.

6.0 Zango na Uku: Dimokuraɗiyya da Ci Gaba

Juyin-juya-halin da ya hango a 1978 bai zo ba. Abin da ya zo shi ne bashi, da shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda gwamnatin Janar Babangida ta ɗauka a 1986, sai kuma rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Ake bai yi watsi da nazarin tattalin arziki ba, amma ya mayar da dimokuraɗiyya ta zama cibiyar tunaninsa.

A littafin Democracy and Development in Africa, wanda Cibiyar Brookings ta Washington ta buga a 1996, ya bi tarihin tsare-tsaren raya nahiyar, tun daga Shirin Legas na 1980 da shugabannin Afirka suka amince da shi, zuwa rahoton Berg na Bankin Duniya na 1981 da ya yi masa kishiya. Hukuncin da ya yanke ya girgiza masu karatu: a ganinsa kuskure ne a ce ƙoƙarin raya Afirka ya gaza, domin tun asali ba a sa shi a gaba da gaske ba. Gwagwarmayar riƙe mulki ce ta cinye hankalin shugabanni, kalmar ci gaba kuwa ta zama abin fakewa don a hana jama'a magana. Mafitar da ya kawo ita ce a mayar da talakawa su zama masu tsara ci gaban, masu aiwatar da shi, kuma masu cin gajiyarsa, a kuma fara daga ƙananan manoma, tun da su ne mafi yawan jama'a.

Game da guguwar zaɓe da ta ratsa Afirka daga 1990, Ake ya yi maraba da ita amma da taka-tsantsan. Ya yi kashedin cewa ana iya ba talaka ƙuri'a a bar shi cikin rashin iko, ya riƙa zaɓe tsakanin azzalumai biyu. Dimokuraɗiyyar da ya nema tana da sharuɗɗa: jama'a su sami ikon yanke shawara wanda ya wuce jefa ƙuri'a, haƙƙoƙi su zama na zahiri kamar ilmi da lafiya, a kula da haƙƙin al'ummomi kamar yadda ake kula da na ɗaiɗaikun mutane, kuma a jawo kowane rukuni cikin sha'anin mulki. Ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa na ƙarshe, The Feasibility of Democracy in Africa, wanda CODESRIA ta fitar a shekarar 2000. Ke nan, mutumin da ya fara da ba da hujjar ƙarfin iko a 1967 ya ƙare yana ganin ƙarfin ikon nan shi ne tushen cutar.

Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. A 1995 ya karɓi zama ɗan kwamitin binciken muhallin yankin Neja-Delta wanda kamfanin Shell ya ɗauki nauyi. Da gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa Ogoni takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, sai Ake ya ajiye muƙamin a bainar jama'a, a lokacin da yin hakan ke da haɗari ƙwarai.

7.0 Tasirinsa da Sukar da Aka Yi Masa

Ana iya ganin tasirin Ake ta fuska uku. Ta fuskar koyarwa, ya taimaka wajen kafa nazarin tattalin arziki da siyasa a matsayin darasi mai cin gashin kansa a jami'o'in Nijeriya, kuma tun yana raye, a 1989, Julius Ihonvbere ya tattara zaɓaɓɓun maƙalunsa cikin littafi guda. Ta fuskar gina cibiyoyi, ya yi aiki don masanan Afirka su riƙa zaɓen abin da za su bincika da kansu, kuma ya kafa CASS a daidai lokacin da malaman jami'a ke ficewa daga ƙasar saboda matsin rayuwa. Ta fuskar tunawa da shi kuwa, a 2003 aka kafa kujerar shehin malami mai ziyara da sunansa a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, tare da haɗin gwiwar cibiyar nazarin Afirka ta ƙasashen arewacin Turai, kuma Jami'ar Fatakwal ta sa wa makarantarta ta nazarin mulki sunansa.

Duk da haka ayyukansa ba su kuɓuta daga suka ba. An nuna cewa makamin da ya yaƙi ra'ayoyin Yamma da shi, watau nazari irin na Karl Marx, shi ma daga Turai ya fito. Ana iya kare shi da cewa asalin ra'i bai dame shi kamar wanda ra'in ke yi wa hidima ba, amma tambayar ba ta mutu ba. Haka kuma yakan yi magana kan Afirka a dunƙule, alhali tarihin Botswana da na Zayar ta Mobutu ba ɗaya ba ne, kuma littattafansa sun fi dogara da ƙarfin hujja fiye da binciken fili. Bugu da ƙari, dimokuraɗiyyar da ya zana ta fi bayyana a matsayin manufa, hanyar kaiwa gare ta kuwa ba ta fito sosai ba.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Dukkan waɗannan littattafai da Ingilishi aka rubuta su, manoman da ya ce su ne ginshiƙin ci gaba kuwa akasarinsu ba da Ingilishi suke tattauna al'amuransu ba. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun tanadi cewa za a iya gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, amma har yau da Ingilishi ake muhawara a can. Idan har iko na jama'a ne kamar yadda Ake ya nema, to harshen da ake yanke shawara da shi wani ɓangare ne na ikon.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa rubuce-rubucen Claude Ake sun bi zango uku: na karɓar ra'in da aka koya masa, na tawaye gare shi, da na neman dimokuraɗiyyar da ta dace da halin talakan Afirka. Abubuwan da suka faru bayan rasuwarsa sun ci gaba da gwada maganganunsa. Nijeriya ta koma mulkin farar hula a 1999, a 2015 kuma shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki, abin da ke nuna cewa siyasar ko-a-mutu-ko-a-yi-rai tana iya sassautawa. A ɗaya ɓangaren, sojoji sun ƙwace mulki a Mali a 2020, da Gini a 2021, da Burkina Faso a 2022, da Nijar da Gabon a 2023, kuma a wasu biranen jama'a sun fito suna murna, abin da ke tuna gargaɗinsa cewa mutane ba sa kare ƙuri'ar da ba ta sauya rayuwarsu ba. Zanga-zangar ɗaliban Jami'ar Cape Town ta 2015, wadda ta farfaɗo da kiran a tsarkake manhajar karatu daga tunanin mulkin mallaka, ta sake ɗaga tambayar da ya yi tun 1979. Aikin da ya rage ga manazarta shi ne su gwada bayanansa a kan al'ummomi ɗaya bayan ɗaya, su kuma kai muhawarar cikin harsunan mutanen da ta shafa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.